Ina Awannina Suke Zuwa? Rajistar Mako Goma

Litinin, 1 ga Satumba

Tun watan Janairu aka ɗora mini rubuta kundin jagora na sababbin ma'aikatan sashenmu, babi goma sha biyu. Ga shi Satumba ta kama, babi uku kacal na kammala, na ukun ma da ƙyar da jiɓin goshi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, ba zaman banza nake yi ba. Ƙarfe takwas ina kan kujera, ƙarfe biyar in tashi a gajiye tiɓis, amma da wani zai tare ni a bakin ƙofa ya ce me ka yi yau, sai dai in tsaya ina sosa ƙeya.

Don haka na yanke shawara: mako biyu ba zan gyara komai ba, rubutawa kawai zan yi. Na sami ƙaramin littafi na ja layi uku, ƙarfe nawa na fara, ƙarfe nawa na bari, me na yi. Dabarar ba tawa ba ce. Akwai wani masanin ƙwari na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, Aleksandr Lyubishchev, da ya fara irin wannan rajista a 1916 yana ɗan shekara 26, bai ajiye ta ba sai da ya rasu a 1972. Shekara 56 yana lissafa mintunan da ya ba karatu, da na rubuta wasiƙa, da na nazarin ƙwari, ƙarshen wata ya tattara jimla, ƙarshen shekara ya sake tattarawa. Ni ban da wannan juriyar. Kwana goma na aiki kawai nake nema.

Na rubuta hasashena a bangon littafin kafin in fara, don kada gobe in ce ai dama na sani. Cikin awa takwas ina jin biyar suna tafiya a aikin gaske, waya ce kuma ɓarauniyar sauran.

Laraba, 3 ga Satumba

Rubutun ba wuya, tunawa da shi ne aikin. Jiya sai ƙarfe biyu na farga cewa tun sha ɗaya ban sa komai a littafin ba. Na zauna zan cike gurbin, na kama kaina ina ƙirƙira, sai na bar wurin fili na buga alamar tambaya.

Sau biyu kuma na kai hannu kan waya na fasa, don kunyar rubuta "Facebook, minti 20" da hannuna. Ke nan littafin ya fara yi mini tarbiyya tun ban sa shi ba, kuma lissafin da zai fito zai ɗan fi ainihin halina kyau. A haka zan karɓe shi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Kwana goma sun cika, awa 80. Na tattara da yamma, na sake tattarawa don na ɗauka kuskure na yi.

Taro ya ci awa 19. Imel da saƙonnin aiki na WhatsApp sun ci 17. "Don Allah ɗan duba mini wannan" da danginsa, wato ƙananan buƙatun abokan aiki, sun ci 14. Rahotannin da nake yi duk mako sun ɗauki 12. Awa 8 sun ɓace ba suna, alamar tambaya ce kawai a gabansu. Shiriritar waya, wadda na yanke wa hukunci tun ba a shiga shari'a ba, awa 5 ce da minti 20. Kundin jagora kuwa, aikin da da shi za a auna ni ƙarshen shekara, ya tashi da awa 4 da minti 40.

Ashe wata takwas na bar jaki ina dukan taiki. Sau nawa na goge manhajojin sada zumunta daga wayata, na sake sauke su bayan kwana uku, ina jin kaina mai laifi? Ko rijiya na jefa wayar, rabin awa zan samu a yini.

Abin da ya fi jimlar muni shi ne yadda awa huɗun nan suka zo. Guntu goma sha ɗaya ne. Mafi tsawo minti 45, biyar daga ciki ba su kai minti 20 ba. Kuma na san abin da nake yi a farkon kowane guntu: in buɗe fayil, in sake karanta inda na tsaya, in tuna me nake son cewa. Kafin in rubuta jimla biyu an ƙwanƙwasa ƙofa. In aka cire wannan sake-karatun, da wuya in na yi rubutun awa biyu a mako biyu.

Ba ni kaɗai ba ne, ko da yake wannan ba ya rage zafi. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa a kan abu ɗaya a fuskar kwamfuta kafin ya juya wani. A 2004 minti biyu da rabi ne, a 2012 ya sauko daƙiƙa 75, a awon baya-bayan nan ya tsaya wajen daƙiƙa 47. Ta kuma lura cewa kusan rabin katsewar ba wani ke kawo ta ba, mutum ne ke katse kansa da kansa. Awa takwas ɗina marasa suna, ina zargin a nan suka narke.

Litinin, 15 ga Satumba

Gyara na farko, guda ɗaya tak: ƙarfe takwas zuwa goma na kundin jagora ne. Ba imel, ba WhatsApp, waya tana cikin jaka. Na sa shi a kalandar ofis tamkar taro, don wanda zai kira ni ya ga wurin a cike.

A cikin awa biyun na gwada tsarin da ake kira Pomodoro. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a, da wani ɗan agogon kicin mai siffar tumatir, daga nan sunan ya samo asali. Aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30. Yau na yi zagaye huɗu cif, shafi biyu da rabi na babi na huɗu. A mako biyun da suka wuce gaba ɗaya shafi uku na rubuta.

Ba zan yi rawar kai ba. Ranar farko kowane tsari yana aiki.

Alhamis, 18 ga Satumba

Agogon minti 25 ya fara ba ni haushi. Daidai lokacin da bayani ya fara zubowa, sai ƙararrawa. In na tashi hutun, in dawo zaren ya tsinke. Jiya na mayar da shi minti 50 da hutun 10, zagaye biyu, ya fi zama daidai da rubutu. Minti 25 ɗin na bar wa ayyukan da nake ƙyamar farawa, irin cike fom da daidaita alƙaluman rahoto. A can yana da rana, don yaudarar kai da "minti 25 ne kawai" tana tayar da ni daga jan ƙafa.

Ranar Talata na yi kuskuren da ya koya mini abu. Na ce bari in leƙa imel na minti biyu kafin takwas, ba zan amsa komai ba. Na ga wani saƙo mai ɗan zafi game da rahoton da na tura, na rufe, na buɗe kundin. Awa biyun nan jikina na kan babi na huɗu, zuciyata tana can tana tsara martani. Rabin shafi na samu. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta yi bayanin wannan a 2009: in mutum ya baro aiki bai kammala ba ya shiga wani, wani kaso na hankalinsa yana maƙale a na farkon, kuma ana ganin raguwar a ingancin na biyun. Leƙe ɗaya ya isa ya buɗe aikin da ba za a rufe ba sai bayan awa biyu.

Yanzu akwai farar takarda a gefen hannuna. Duk abin da ya faɗo mini a rai ina tsakiyar rubutu, in rubuta shi da lokacin da zan yi shi, in ci gaba. Tun 1927 Bluma Zeigarnik ta ruwaito a Berlin cewa aikin da aka katse ya fi manne wa a ƙwaƙwalwa, ko da yake waɗanda suka maimaita gwajin ba duka suka sami abin da ta samu ba. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne binciken Masicampo da Baumeister na 2011: ba sai an gama aikin ba, tsara takamaiman lokacin yinsa kaɗai yana rage kutsen da yake yi wa tunani. Na gwada, "kira ma'aji" bai bar ni na huta ba, amma "kira ma'aji, 10:15" ya yi shiru.

Juma'a, 26 ga Satumba

Babi na huɗu ya kammala. Na ce zai ci awa 8, ya ci 13.

Tun Litinin ɗin da ta wuce na ƙara layi na huɗu a littafin: kafin in fara kowane aiki, in rubuta tsawon lokacin da nake jin zai ɗauka. Yau na kwatanta hasashe da gaskiya a ayyuka 31. Huɗu kawai na gama a kan lokaci ko kafin lokaci. Rahoton mako, wanda na yi shi fiye da sau ɗari, har yanzu cewa nake awa uku, alhali bai taɓa yin ƙasa da huɗu da rabi ba. Wannan ya fi ba ni kunya, don ba rashin sani ba ne. Kowane mako ina da dalilin da ya sa na makon jiya ya daɗe, alƙaluma sun zo a makare, kwamfuta ta tsaya, an kira ni. Kowane mako kuma sai in lissafa na yau tamkar babu abin da zai faru.

Daniel Kahneman da Amos Tversky sun ba wannan ɗabi'a suna tun 1979, kuskuren tsara lokaci. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada suka tambayi ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri kwana nawa ya rage musu. Matsakaicin amsarsu kwana 33.9. Da aka ce su ƙaddara komai ya lalace, suka ce 48.6. Abin da ya ɗauke su a zahiri kwana 55.5. Wato mafi munin abin da suka iya hangowa ma bai kai gaskiya ba.

Abin da ya faranta mini rai, kuskurena ba na hauka ba ne, yana da ma'auni. In na raba ainihin lokacin da hasashen, yawancin ayyukan suna faɗawa kusa da 1.6. Mudu ne mai ƙaramin baki, amma kullum ƙarancinsa ɗaya ne, don haka ana iya awo da shi. Daga yau duk abin da zuciyata ta faɗa, in ninka da 1.6 kafin ya fita bakina.

Laraba, 1 ga Oktoba

Kwana uku na ɓata, kuma da sunan gyara na ɓata su. Na ga littafin takarda ya yi mini ƙauyanci, na sauke wata manhajar bin lokaci, na kasa ayyuka gida-gida, na ba kowane gida launi. Daga nan na koma Excel na zana jadawali mai nuna awannin mako da sanduna. Ya yi kyau ƙwarai. Babi na biyar yana nan a sakin layi na biyu.

Aikin baban giwa ke nan. Haɗarinsa ya fi na Facebook, don wanda ke Facebook ya san yana shiririta, ni kuwa ina jin kaina cikin aiki tuƙuru. Na goge manhajar, na dawo kan littafi da biro. Doka: lissafi sau ɗaya a mako, Juma'a da yamma, minti 20.

Talata, 7 ga Oktoba

Awa biyun safe suna tafiya, kwana uku ko huɗu cikin biyar. Amma daga goma zuwa biyar har yanzu guguwa ce. Jiya da yamma na zauna na rubuta duk wani aiki da na fara ban gama ba, da wanda na ce "to" ban taɓa ba. Na bi imel, na bi saƙonni, na bi takardun kan tebur. Ashirin da uku. Akwai wanda na amsa tun watan Mayu, mai shi ma ina jin ya fitar da rai.

Na duba littafin, a mako ina rufe irin waɗannan ayyuka kamar huɗu. Akwai wata ƙa'idar lissafin layi da John Little ya tabbatar a 1961: matsakaicin lokacin da abu ke yi a cikin layi daidai yake da yawan abubuwan da ke layin a raba da yawan da ke fita. Ashirin da uku a raba da huɗu, kusan mako shida. Ma'ana duk wanda ya kawo mini aikin awa ɗaya na ce masa "zuwa jibi", a lissafi mako shida na yi masa alkawari ban sani ba. Ga dalilin da ya sa rabin saƙonnin da ke shigo mini "ina aka kwana?" ne. Su kansu saƙonnin suna cin lokaci, ina amsa su da ban haƙuri, in ɗan taɓa aikin minti goma don in sami abin faɗa, in ajiye. Taɓawar nan ba ta ƙarasa komai, sai dai ta ƙara guntaye.

Nan ne nake jin na taɓo jijiyar. Ba ƙarancin awanni ke damuna ba, ƙofofin da na buɗe ne suka yi yawa, kowace tana shigo da iska.

Na aro dabarar kamfanin Toyota, wadda Taiichi Ohno ya raya a masana'antarsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ana ce mata kanban, wato kati ko allon sanarwa da Japananci. A can kati ne ke ba da izinin ƙera wani kaya, in babu kati a hannu ba a fara sabo, komai zaman da injin zai yi. Na raba bangon gefen teburina gida uku: masu jira, waɗanda ke hannu, waɗanda suka fita. Gidan tsakiya ba ya ɗaukar fiye da kati uku, ɗaya daga ciki kuma kundin jagora ne kullum. Sabo ba ya shiga sai wani ya fita.

Ba na yaudarar kaina, ashirin ɗin suna nan ba su ragu ba. Bambancin dai yanzu a bango suke, ba a ƙirjina ba, kuma kowa na iya ganinsu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Shugaban sashenmu ya shigo da wani aiki, ya tsaya yana kallon bangon.

"Malam, wannan kuma fa?"

"Ranka ya daɗe, ayyukan da ke hannuna ne. Ukun nan nake kai yanzu. Wanda ka kawo, in na gaggawa ne, ka zaɓa mini wanda zan sauke daga cikinsu."

Gabana ya faɗi bayan na faɗa, don ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya matso ya karanta katunan jira ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro ɗaya ya ce ai wannan an fasa shi tun watan Yuli, ba wanda ya gaya maka? Ya ciro biyu ya ce ba aikina ba ne, ya tafi da su. Uku ya ce a bar su sai baɗi. Nasa sabon kuma ya liƙa shi da hannunsa a gidan jira, ya ce mako mai zuwa ya isa. Daga 23 muka koma 18 cikin minti goma, ba tare da na ɗaga biro ba.

Wata takwas ina ɗauke da kaya a ka, ina jin in na yi magana za a ce rago ne. Shi kuwa bai ma san yawan abin da ya ɗora mini ba, don ɗaya-ɗaya yake kawowa, ni kuma kowanne "to, ranka ya daɗe" nake cewa. Abu ɗaya ya jaddada kafin ya fita: kundin ya fito kafin shekara ta ƙare.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Babi na biyar ya fita makon jiya, na shida yau, gajere ne.

Imel yanzu sau uku nake buɗe shi, ƙarfe goma, ɗaya, da huɗu. Ranar Talata abin ya cije ni. An turo saƙo ƙarfe ɗaya da kwata ana neman wasu alƙaluma kafin taron ƙarfe uku, ban gani ba sai huɗu. An shiga taron babu su, na sha kallo. Laifina ne, na canja tsari ban sanar da kowa ba. Washegari na bi mutum biyar ɗin da muka fi mu'amala na gaya musu baki da baki: in abu ba zai jira awa uku ba, a kira ni ko a leƙo. Zuwa yau kira biyu kawai na samu.

Da abokan aiki abin ya fi wuya. Wata abokiyar aikina ta leƙo ƙarfe tara da takarda.

"Malam, minti biyar kawai, ɗan duba mini lissafin nan."

"Malama, ki yi haƙuri zuwa ƙarfe goma, ni zan zo teburinki da kaina."

Ta ce to, amma fuskarta ta canja. Goma daidai na je, ta ce ai ta gano kuskuren da kanta. Na ji daɗi rabi, rabi kuma ban ji ba. Ita ce ke rufa mini asiri duk ranar da na makara da rahoto, kuma irin wannan minti biyar-biyar ɗin su ne zaren da ya ɗinke sashen. Ba na son in zama mutumin da ke da tsari amma ba shi da mutane. Awa 14 ɗin da na gani a Satumba ba duka asara ba ce, wurin zamansu ne bai dace ba. Daga goma zuwa sha ɗaya ƙofata a buɗe take wa kowa, na kuma faɗa da bakina.

Litinin, 27 ga Oktoba

Makon jiya babu abin rubutawa. Yarona ya kwanta rashin lafiya, dare uku ban yi barcin kirki ba, kwana biyu ban je aiki ba. Ranar Alhamis na zauna ƙarfe takwas kamar yadda na saba, na yi minti 50 ina kallon sakin layi ɗaya. Babu agogo ko kati da ke maye gurbin barci. Na rufe fayil ɗin na koma ayyukan da ba sa buƙatar kai. Littafin ma ban taɓa shi ba duk makon.

A da, a nan nake watsar da komai, in ce tsari ya rushe. Abin da ya riƙe ni wannan karon binciken Phillippa Lally ne da abokan aikinta na Landan, wanda ya fito a 2009. Sun bi mutum 96 tsawon mako 12, kowa na ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a guda. Tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'ar ke zama jiki kwana 66 ne, amma daga mutum zuwa mutum ya tashi daga 18 har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai yi wani tasiri ba. Ni mako na tsallake ba rana ba, don haka ba zan jingina da su fiye da kima ba. Yaron dai ya warware, yau na yi zagaye biyu, shafi biyu na babi na bakwai. Na kuma fara sabon awo na kwana goma.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Awo na biyu, awa 80. Kundin jagora ya tashi daga awa 4 da minti 40 zuwa 17. Imel da saƙonni sun sauko daga 17 zuwa 10, yawanci don "ina aka kwana?" ta ragu. Buƙatun abokan aiki 9, rahotanni 11, marasa suna 5. Waya awa 5, ko gezau. Na bar ta, ba da ita nake faɗa ba.

Taro ya sauko daga 19 zuwa 14, kuma ba wayona ba ne kaɗai. Taron Litinin da nake jagoranta na mayar da shi minti 30 maimakon awa, na riƙa tura batutuwan tun Juma'a. Babu abin da ya rage ba a tattauna ba. Tun 1955 Cyril Northcote Parkinson, masanin tarihin sojan ruwan Birtaniya, ya rubuta a mujallar The Economist cewa aiki yana kumbura ya cike duk lokacin da aka ware masa. Da zolaya ya rubuta, amma da alƙaluma: tsakanin 1914 da 1928 manyan jiragen yaƙin ruwan ƙasar sun ragu daga 62 zuwa 20, jami'an hedkwatar da ke kula da su kuwa sun ƙaru daga 2,000 zuwa 3,569. Taronmu na awa ɗaya haka yake, awa ɗaya kalanda ke bayarwa in ba a taɓa ta ba, mu kuma mu cike.

Wanda ya haɗa alƙaluman zai ga saura awa 9. Sabon aiki ne. Da shugaban ya ga rahotanni suna zuwa a kan lokaci, babuka suna fita, sai ya ba ni kula da horon ma'aikata biyu da aka ɗauka. Ya bi ƙa'ida, ya jira gurbi ya buɗe a bango, amma dai ya shigo. Na yi dariya ni kaɗai. Tun farko a raina ina hango ranar da zan tashi ƙarfe huɗu in tafi gida da wuri, ga shi ladan gama aiki ya zama wani aikin. Ban ƙi ba, don mutum biyun nan su ne na farko da za su karanta kundin, tuni ma ɗayansu ya nuna mini cewa babi na biyu ya yi tsalle a kan mataki guda da ni na ɗauka kowa ya sani. Amma na rubuta a bangon littafin, ƙarƙashin tsohon hasashena, cewa gurbin da kundin zai bari in ya fita ba zan bari a cike shi a makon farko ba. Za mu gani ko bakina zai iya faɗa.

Katunan jira sun koma 11.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Babi na takwas ya fita jiya. Na tara ya tsaya cak, yana buƙatar sabon tsarin biyan alawus daga sashen kuɗi, sun ce sai sun kammala nasu gyaran. Na tura tunatarwa ɗaya, na sa ranar sake tuntuɓa a takarda, na mayar da katinsa gidan jira. A da da na zauna ina taɓa shi kullum ina gyara waƙafi. Na tsallaka na goma.

Saura babi huɗu. Zuciyata ta ce awa 30, na ninka ya zama 48. A awa takwas da rabi duk mako, kusan mako shida ke nan. Shugaban ya tambaya da safe, na ce 23 ga Disamba. Ya ce ba zai yiwu a farkon watan ba? Na ce ranka ya daɗe, in an ɗauke mini rahoton mako sau biyu zai yiwu. Ya ce zai duba.

Na rubuta jimlar farko ta sashe na biyu na babi na goma kafin in tashi, don gobe ƙarfe takwas in tarar da abin kamawa. Littafin saura shafi shida.